Neofitos Mai Kai Wasiƙu da Ƙofar da Ba Kowa

Ƙarfe shida da rabi Neofitos yake shigowa gidan waya, da burodi da zaitun a aljihu. Ya sha kofinsa a tsaye, ya jera wasiƙu gida-gida, ya hau babur. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki a birnin Limasol, talatin daga ciki a layin rabo ɗaya. Ni ce mai ware masa wasiƙun, kuma wallahi mutumin nan ya sha ba ni haushi da ƙa'idarsa.

A layinsa akwai wani bene, a hawa na huɗu akwai ƙofa mai allunan kamfanoni sama da ɗari biyu. Ɗaya cikinsu wai hedikwatar wani kamfani ce mai haƙar tagulla a wata ƙasa. Can ake haƙa, can ake shaƙar ƙura, amma a takarda nan ake cin ribar, don haka can ba ya biyan haraji. Hukumar harajin waccan ƙasar ta fara aiko wasiƙu masu rajista, irin waɗanda sai mutum ya sa hannu kafin a ba shi.

Neofitos ya hau, ya ƙwanƙwasa sau uku, shiru. Ya leƙa ta gilashi: kujera ɗaya, tebur ba ko biro. Ya rubuta rana da lokaci a takardar shaida, ya ƙara da "Na ƙwanƙwasa, ba kowa," ya mayar da wasiƙar. Sau arba'in da ɗaya ya yi haka cikin shekara uku.

Pambos mai shagon jarida a ƙasan benen ya ga ranar da lauyan kamfanin ya tare Neofitos, ya ce masa:

"Haba Kawu, da gwiwar nan taka? Ka bar wa Pambos mana, ya sa hannu, kowa ya huta."

Neofitos ya ce, "Pambos ne kamfanin?"

Pambos ya ce, "Ni? Da ni ne, da ka gan ni ina sayar da cingam?"

Lauyan bai yi dariya ba. Ya rubuta ƙorafi cewa tsohon ba ya hawa benen, ƙarya yake rubutawa. Na ce wa Neofitos, "Kawu, ka sassauta, za su raba ka da layinka a kan mutanen wata ƙasa da ba ka taɓa gani ba." Ya ce, "'Yar nan, ai matsalar ke nan. Su ma na saman benen ban taɓa ganinsu ba."

Aka ɗauke shi daga layin kafin a gama bincike, aka zaunar da shi kusa da ni. Na ga yadda yake shafa adireshin mutanensa kafin ya jefa a akwatin wani. Abin ya ƙona mini rai, har yau kuma yana ƙona mini.

Takardun nan arba'in da ɗaya su aka shimfiɗa a kotun waccan ƙasar, aka tabbatar hedikwatar ɗaki ce kawai, kamfanin ya biya. An wanke Neofitos, amma an riga an ba wani layin. Ba a mayar masa ba.

Kawu Neofitos, kai ne ka hau matakala sittin da takwas alhali ka san ba mai buɗewa. Ba ka karanci haraji ba, ba ka san ko mutum ɗaya a garin tagullar ba. Abin da idonka ya gani kawai ka rubuta, kuma ka biya da abin da ka fi so. Mun gode, mai gaskiyar biro.

Ku kuma matasanmu masu ajiye wasiƙa a shago ku wuce, ku yi koyi da shi, kada hannunku ya shaida abin da ƙafarku ba ta je ba.

Ran Juma'a ya ajiye aiki. Shugabanmu ya tambaye shi kyautar da yake so. Ya ce, "Ku ba ni jakar layina ta yau. Ban yi musu sallama ba."