Kwandon da Gwaggona ta Yanke wa Gindi

Shekaru masu yawa baya, ina yarinya a unguwar Jarwal ta Makka, na ga wani abu da har yau nake jin nauyin ba da labarinsa, don ina tsoron kada in ƙara ko in rage. Shekarar ba zan iya rantse muku da ita ba. A ƙarshen shekarun hamsin ne dai, lokacin da aikin hajji ke faɗowa cikin tsananin zafi.

Gwaggona, autar su mahaifina, a Sudan ta girma. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka yada zango a can, zangon ya zama zama. Ta yi makarantar 'yan mata, kuma a nan ta koyi ƙwallon kwando har ta zama wadda ake ji da ita. Da kakana ya rasu, mahaifina, wanda ya riga su isowa Makka, ya aika aka zo da ita da kakata. A cikin kayanta akwai ƙwallo ta fata, mai ɗinki a baki kamar takalmi. A ƙarƙashin gado take ajiye ta, lokaci lokaci ta ɗauko ta shafa mata mai ta mayar.

A waccan shekarar babban yayansu ya zo hajji daga Sudan da saƙo. Wata kwalejin horar da malamai mata tana son gwaggo ta koma ta riƙa horar da ɗalibai wasan. In za ta tafi, sai dai ta bi shi a jirgin ruwan alhazai bayan Sallah. Mahaifina ya ce shi ba shi da ta cewa, magana tana hannun Inna, wato kakata.

Kakata kuwa ta ce, "Mutane na sayar da gonakinsu su taho a ƙafa don su mutu kusa da Ɗakin Allah, ke kuma za ki bar shi don jefa fata a kwando? Halas, magana ta ƙare, kada in sake ji."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ban taɓa jin ta mayar wa kakata magana ba, ko sau ɗaya.

Wanda bai zauna a Makka a wancan zamanin ba, da wuya ya san yadda garin ke zama a kwanakin Mina. Maza duk sun fita, masu dako, masu ɗiban ruwa, masu yi wa alhazai jagora. Ko mai gyaran takalmin bakin lungunmu ya tafi. Unguwa ta zama ta mata. Su shimfiɗa tabarmi a tsakiyar hanya, su yi shayi, su yi dariya da ƙarfi ba mai cewa a rage murya.

Washegarin Sallah, bayan la'asar, gwaggo ta ɗauki zambil, wato kwandon kaba da muke zuwa cefane da shi, ta yanke masa gindi da wuƙa. Mahaifiyata ta riƙe baki.

"Sabon zambil ɗina!"

"Yi haƙuri, Yaya, zan saƙa miki wani."

Ta hau kan tanka, wato garwar ruwa, ta ɗaure shi a jikin wani ƙarfe da ya fito daga bangon maƙwabta. Sannan ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta fito da ƙwallon.

Ni dai ga abin da na gani. Matar da na sani tana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙasa, ita ce ta riƙa buga ƙwallo a ƙasa tana gudu ba ta ko kallonta, ƙwallon na dawowa hannunta kamar an ɗaure da zare. Ta juya, ta yi tsalle. A idona na yarinya ta daɗe a sama, ko da yake na san hankali ba zai yarda ba. Ƙwallon ta bi ta cikin zambil ba ta taɓa gefe ba. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Masha Allah! Ashe aljana muke kwana da ita a unguwa!" Aka rangaɗa guɗa.

Na zaci za ta yi ta jefawa muna kallo, kuma da mun yarda mu kalla har magariba. Amma sai ta tsaya, ta tara mu 'yan mata ta raba mu gida biyu. "Yalla, ku taso, ku ne za ku yi."

Ni tun ina ƙarama ba na taɓa abin da ban tabbata zan iya ba. Ko kofin shayi aka ce in kai wa baƙo, sai na yi ta addu'a a hanya. Da ƙwallon ta faɗo hannuna, na rungume ta na ƙame. Yara na ihu, "Jefa! Jefa mana!" Ni kuwa ina lissafin yadda za a yi mini dariya in na kuskure.

Kakata tana zaune a bakin ƙofa da carbinta, ta juya mana rabin baya wai ba ta kallo. Ta ce, "Ku rabu da ƙawata, wannan ko inuwarta ta gani sai ta nemi izini kafin ta wuce."

Gwaggo ta zo ta durƙusa har idonta ya daidaita da nawa. Ta ce a hankali, "Ba na son ta shiga. Kuskurewa nake so ki yi. Ke dai jefa, ni zan tsinto."

Na jefa, ko rabin bango ba ta kai ba. Ta ruga ta tsinto ta miƙo mini. Na sake, ta sake tsintowa. Ta gyara mini gwiwar hannu, ta ce in lanƙwasa ƙafa, in kalli bakin zambil in manta da mutane. Matar da ta gama tashi sama a gabanmu, ita ce ke bin ƙwallona cikin ƙura, zufa na zuba, ba ta nuna gajiya ba. Da ƙwallon ta shiga daga ƙarshe, ihun da na yi sai da mahaifiyata ta leƙo ta ga ko kunama ce ta harbe ni.

Sai muka ji kakata ta ce, "Ku ba ni ita nan."

Ta miƙe da ƙyar, ta rataya carbi a wuya, ta karɓi ƙwallon da hannu biyu ta wurga kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ƙwallon ta tafi can gefe ta faɗa cikin tabarmar masu shayi. Mata suka kwashe da dariya. Gwaggo ta tsinto, ta zo bayan mahaifiyarta, ta kama mata gwiwar hannu.

"Ba haka ba, Inna. Hannunki ya buɗe da yawa. Matso da shi jikinki."

Dariyar ta tsaya. A gidanmu ba a ce wa kakata "ba haka ba". Gwaggo ma sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa, na ga hannunta ya saki.

Kakata ta matso da gwiwar hannun, ta jefa. Mahaifiyata har ta rasu tana cewa ƙwallon ta shiga. Ni a tunanina ta bugi bakin zambil ta faɗo waje, amma ba zan yi musu ba. Abin da na tabbata shi ne, kakata ta juyo ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Auta, wannan da kika yi wa yarinyar nan, da wanda kika yi mini, shi ne aikin da suke kiranki?"

"Shi ne, Inna."

"Tun da na haife ki ba ki taɓa gyara mini magana ba sai yau. Kuma ban ji haushi ba." Ta koma ta zauna, ta ci gaba da jan carbinta.

Da mahaifina ya dawo daga Mina, ko takalmi bai cire ba ta ce masa, "Ka gaya wa yayanka ya nema wa Auta wuri a jirgi."

Gwaggo ta yi shekaru tana horar da ɗalibai a kwalejin nan, waɗanda ta horar su ma suka horar da wasu. Ban taɓa ganin wasanta a fili na gaske ba, sai na wannan yammacin. Ita da kakata kuma ba su sake haɗuwa ba, domin kafin ta samu dawowa hajji kakata ta rasu, a Makka, kamar yadda ta roƙa. Ina ganin ta san haka za ta iya faruwa tun ranar da ta ba da izinin, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki yanzu da na kai shekarunta.

Ni ban zama 'yar wasa ba, kuma tsoron nan bai bar ni ba. Da shi na yi karatu har na gama jami'a, kowace jarrabawa ina jin ita ce za ta kayar da ni. Amma duk lokacin da na ƙame da abu a hannu, muryar gwaggo nake ji tana cewa in jefa.

Zambil ɗin ya zauna a bangon nan har rana ta cinye shi. Duk wanda ya kai hannu zai sauke, sai kakata ta ɗago daga bakin ƙofa ta ce, "Bar shi nan. Na Auta ne."