Waldar da Aka Ce Ta Kashe Malam Yohanna

Shekara arba'in da bakwai ke nan, a wannan damina, da babur ya rabu biyu da abokina Malam Yohanna a kan hanyar Gidan Waya. Na ce ya rabu biyu, ban ce ya yi hatsari ba, domin bai yi karo da kowa ba, bai faɗa rami ba, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya gudu. Har tsokanarsa muke yi cewa mai keke zai wuce shi, ya gaishe shi, ya tsaya jiran amsa. Ƙarfen da ke riƙe da inji da tayoyi, wanda muke kira firam, shi ne ya karye a wuya. Tayar gaba ta yi nata wuri, sauran ya kifa da shi. Kafin a iso da shi Kafanchan rai ya yi halinsa. Gari ya ce waldar da aka yi wa firam ɗin ce ta saki. Ni na yi waldar.

Sunana Garba. A shekarun saba'in ina aikin walda a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa. Yohanna ɗan wani ƙauye ne kusa da Samaru Kataf, tare muka yi firamare, shi ya wuce ya zama malami, ni na kama ƙarfe. Shi Kirista, ni Musulmi, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, kuma ta kanta matarsa Saratu ke miƙo mana tuwon acca. Mutum ne mai sanyin murya da taurin kai. Ba ya zagi, ba ya ɗaga hannu. In ka ɓata masa rai sai ya shiga ɗaki ya jawo tafireta, ya sa takarda biyu da kabon a tsakani, ya rubuta maka wasiƙa ya ajiye kwafi.

Lokacin da aka buɗe firamare a kusan kowane ƙauye sai aka ba shi aikin zagayen duba makarantu, shi ya sa ya sayi babur sabo fil a wurin wani dila a cikin gari. Ba zan faɗi sunan dilan ba, Manaja kowa ke ce masa, ba kuma zan faɗi sunan kamfanin ba, sun san kansu. Ranar Lahadi ya tura babur ɗin har ƙofar coci fasto ya yi masa addu'a. Saratu ta ɗinka wa tankin riga mai geza wadda ta sauko ta rufe gefe da gefe, kamar yadda kowace matar mai sabon babur ke yi a lokacin, kuma kowace Asabar ita ke goge shi da tsumma.

Bai cika wata huɗu ba ya fara jin ƙara in ya hau gargada. Ya ɗaga rigar tankin, sai ga wani layi siriri kamar gashi a wuyan firam, gefen dama. Ya kira ni na duba, na sa farce na ji ya shiga. Muka tura babur ɗin shagon Manaja da katin garanti a aljihun Yohanna.

Manaja bai ko durƙusa ba. Ya leƙa daga tsaye ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wannan ɗan abin? Kai da kake da ɗan loko a maƙwabta? Ya ɗiga masa wuta ka ci gaba da aikinka. Ni zan rubuta wa kamfani su aiko sabon firam."

Yohanna ya ce, "To garanti na fa, Manaja?"

Ya ce, "Garanti na nan, babu inda za shi."

Wanda bai san Kafanchan ta wancan lokaci ba zai ce wauta muka yi. A garinmu ba a yar da ƙarfe. Garma ta karye, ƙafar gado ta cire, injin niƙa ya tsage, duk wurin 'yan loko ake kawowa bayan an tashi aiki, kuma abin kunya ne maƙwabci ya kawo maka ka ce a'a. Mu ma muna ji da kanmu, hannun da ke ɗinke jirgi ai babur ba zai gagare shi ba. Babu wanda ya taɓa juya katin garanti ya karanta ƙananan rubutun da ke baya, har shi Yohanna sarkin karatu, don mai shagon da ya ba shi katin ya riga ya yi magana. Na sauke tanki, na goge wurin, na yi masa waldar da ban taɓa yi wa jirgi irinta ba. Na shafa baƙin fenti, na ce masa ko jikokinsa sun hau.

Sabon firam bai zo ba. Wata ya wuce, wani ya bi. Kullum Manaja na da labari: kaya na tashar ruwa a Ikko, akawun ya tafi hutu, Bature ya yi tafiya. Tafireta ta fara aiki. Wasiƙa zuwa ga Manaja, wasiƙa zuwa reshen kamfani a Kaduna, wasiƙa zuwa babban ofis. Amsa ɗaya ta zo, layi biyu, wai a kawo babur ɗin Kaduna a gani.

Na roƙi gadin jirgi ya sa mana babur ɗin a taragon kaya muka tafi tare. Muka yi rabin yini a kan benci kafin wani mai ɗaure da wuya ya fito. Shi kam ya durƙusa, har ya ɗaga rigar tankin da bakin biro kamar zai taɓa ƙazanta. Da ya ga waldata sai na ga fuskarsa ta washe, irin ta wanda ya tsinci abin da yake nema.

Ya ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Yohanna ya ce, "Abokina ne. Dilan ku ne ya ce mu yi."

"Ya rubuta maka a takarda?"

Ya juya katin ya nuna mana da biro. Duk gyaran da ba hannun kamfani ya yi ba ya kashe garanti. Ya ƙara da cewa ai sun san mu mutanen karkara, buhun citta muke ɗora wa babur mu bi hanyar shanu, sannan mu zo muna kuka. Yohanna bai taɓa ɗora wa babur ɗin nan abin da ya fi kwalin alli da rajista nauyi ba. Na ce wa mutumin tsagewar ta riga waldar zuwa, ya dube ni ya ce shi walda ya gani, bai ga tsagewa ba. Da muka dawo muka tunkari Manaja, ya dafa ƙirji ya ce, "Ni? Ni na san walda?" Har yau ban manta da wannan dafa ƙirjin ba. Da ya ce kuskure ya yi, da na yafe masa tuni. Ya san abin da ke bayan katin tun ranar farko, ya tura mu muka kashe garantin da hannunmu, ya huta.

Na ce wa Yohanna ya jingine babur ɗin. Ya ce, "Garba, in na ajiye mashin wa za ya je? Yara suna can ƙarƙashin itace, in ban leƙa ba malaman su ma ba su zuwa. Waldan ka ba za ya saki ba, na sani."

Kuma ba ta saki ba. Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, da aka ɗauke Yohanna, ni na tsaya a kan babur ɗin. Waldata na nan daram a gefen dama, ko fentin bai fashe ba. A gefen hagu ya karye, daidai haɗin da kamfani ya yi da kansa, kuma bakin karayar ya yi tsatsa, alamar ya daɗe yana ci a ɓoye a ƙarƙashin riga. Duk mai walda ya gani ya san abin da ya gani. Na ce wannan ƙarfen shi ne shaidata.

Ran kwana uku ana zaman makoki sai ga Manaja cikin farar riga, ya durƙusa gaban dattawa, durƙuson da bai yi wa babur ba. Ya ce kamfani ya girgiza, suna so a ba su babur ɗin su yi bincike don kada a sake. Na miƙe na ce ba za a ba shi ba, a kira masu walda uku su duba a gaban kowa. Baffan Yohanna ya ce in zauna, nan gidan makoki ne ba kotu ba, a bar wa Ubangiji. Wani daga baya ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa amma don in ji, ai dole in ƙi a bincika. Ina kallo aka ɗora shaidata a motar kaya. Bayan wata biyu wasiƙa ta zo, mai tambari da ta'aziyya mai daɗin karantawa, ta ce bincike ya gano gyaran da wani ya yi ba da izini ba shi ne sanadi. A gaban dangi aka karanta ta. Babur ɗin bai dawo ba, ko kusa ɗaya.

Daga ranar Saratu ta daina kallona. In ta hango ni a hanyar kasuwa sai ta tsallaka. Tuwon acca ya daina haurowa, daga baya ma ta tashi daga unguwar. Aka yi bikin 'yarsu Ladi, wadda ni na fara ɗora ta a kafaɗa, a bakin mutane na ji. Masu kawo garma suka ragu. Amma masu irin babur ɗin Yohanna sun zo, ba ɗaya ba, ba biyu ba, da tsagewa a wuri guda. Na ƙi taɓawa, na ce su je su zauna a shagon Manaja har ya canza. Wasu suka ce tsoro nake ji, suka kai wa wani.

Nakan tambayi kaina me Yohanna zai ce da ya ga yau. Babura sun cika gari, a kwali suke zuwa, a bakin titi ake haɗa su, ko katin da za a yaudare ka da shi ba a ba ka. In ya lalace akwai lambar waya, ka kira a sa maka kiɗa har kuɗinka ya ƙare. Ina jin da tafiretarsa ta mutu da aiki. Ni da ban iya wasiƙa ba, abin da nake yi shi ne in na bi ta tashar 'yan acaɓa sai in durƙusa da waɗannan gwiwoyin nawa in ɗaga rigar tanki in leƙa wuya. Suna ce mini Baba Sufeto, suna dariya. Su yi ta yi.

Bara da rani Ladi, wadda yanzu ita ma kaka ce, ta zo ta ce mamanta na nemana. Na same ta a zaune a inuwar mangwaro, ido ya yi rauni, da wani tsohon fayil a cinya. Na ce, "Maman Ladi, kin tuna da ni ke nan."

Ta kira ni da sunan 'yata kamar da, ta ce, "Baban Asabe, ban taɓa mantawa ba. Zauna. Ran Asabar ɗin nan kafin abin ya faru, da na goge mashin, na ɗaga rigan tanki, na ga sabon layi a ɗayan gefen, ba wurin waldan ka ba. Na sake rigan, ban gaya masa ba. Maganan kamfanin nan ya hana shi ci, ya hana shi dariya. Na ce bari ya yi Lahadi ɗaya cikin salama, ran Litinin in ya dawo zan faɗa. Da suka karanta takardan nan na san ƙarya ne, amma in na buɗe baki sai a ce to ke me ya sa kin yi shiru. Ba fushi na yi da kai ba. Kunyan ka na ji."

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinta, har na miƙe tsaye. Kalma ɗaya daga bakinta da ta wanke ni tun ina da baƙin gashi. Amma da na dube ta rungume da fayil ɗin sai haushin ya koma inda ya fito. Ita riga ta ɗinka don mijinta ya yi kyau a hanya. Ni walda na yi don maƙwabcina ya je aiki. Mu biyu muka raba laifin muka ɗauka shekara arba'in da shida, kowa na guje wa idon ɗan'uwansa, alhali wanda ya ƙera ruɓaɓɓen ƙarfe da wanda ya sayar da shi sun yi barcinsu, Manaja ma har ya mutu ana kiransa dattijon arziki. Wannan ne ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Fayil ɗin ta ba ni. Kwafin wasiƙun Yohanna ne, kabon ɗin ya dushe amma ana karantawa. Babu zagi ko ɗaya a ciki. Yaran da ya je dominsu sun girma, wasu sun yi ritaya, yawancinsu ba su san sunansa ba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan taurin kan mai ladabi, na mutumin da ya yarda cewa in ka faɗi gaskiya a rubuce dole wani ya amsa. Kowace wasiƙa da layi ɗaya ya rufe ta: ina jiran amsarku.

Ni ba ni da tafireta, kuma ladabinsa ban gada ba. Amma ku mutanen kamfani, ku ɗauki wannan a matsayin wasiƙarsa ta gaba, daga hannun mai waldar da kuka ɗora wa gawarsa. Ni da Saratu mun ajiye kwafi. Muna jiran amsarku.