Golan Da Ya Fito Daga Gidan Kokawa

Ni dai ban taɓa son ƙwallo ba, ita ma ba ta taɓa nuna tana sona ba. Yunwa ce ta haɗa mu, a shekarar farin da ta same ni ina aji biyu na koleji a Tasawa, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa.

Garinmu wani ɗan ƙauye ne a gefen Kona. A Tasawa ina zaune wurin wani tela, abokin babana tun ƙuruciya. Mutumin kirki ne, sai dai da muka dawo daga dogon hutu a waccan shekarar, hatsin da Baba ya saba haɗo ni da shi bai biyo ni ba, don gonarmu ko karan kirki ba ta yi ba. Tela ya yi kawaici kwana uku. A na huɗu ya kira ni, da zare a bakinsa, ya ce, "Ɗana, wurin kwana naka ne har ka gaji. Amma tukunyar gidan nan ba ta kai wa kowa yanzu. Na aika wa babanka, zai zo ran kasuwa a yi shawara."

Na san shawarar tun kafin a yi ta. Baba na shirin tafiya ci-rani kudu, yana kuma neman mai taya shi ɗaukar garwar ruwa. In ban samo inda zan riƙa sa wani abu a ciki ba kafin ran kasuwa, karatuna ya ƙare ke nan. Na ji tsoro ƙwarai, domin karatun ne kaɗai abin da na iya a duniya.

A daidai lokacin kuma ƙungiyar ƙwallon kolejinmu ta watse, hutun ya cinye ta. Uku sun ci jarrabawa sun wuce lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi. Gola ya bi iyayensa Najeriya. Mai buga gaba, wanda duk gari ke ji da shi, babansa ya ce gemun da ya fito masa ya isa shaida cewa ya gama lakwal, ya bar makaranta ke nan. Sauran ko labarinsu babu. Ranar da malamin wasanninmu, wanda muke ce wa Mushe kawai, ya busa usur a fili, mutum huɗu suka fito, ɗaya ma yana ɗingishi.

Da wata shekara ce, da an bar maganar ta mutu. To amma kumandan da ke riƙe da garin soja ne, kuma bara ƴan kolejin Mayahi sun lallasa mu a gabansa. Kumandan Mayahi kuwa abokinsa ne tun daga bariki, duk inda suka haɗu sai ya tambaye shi lafiyar yaransa. Sai kumandanmu ya kira Mushe ya ce yana son mutum goma sha ɗaya kafin wata ya mutu, kuma duk wanda aka ɗauka za a riƙa ba shi abincin rana daga dawar taimako, har da madarar gari. A zamanin nan in soja ya ce yana son abu, ba a tambayarsa inda za a samo.

Kafin azahar duk makarantar ta zama ƴan ƙwallo. Har wani da muka sani ko akuya ta biyo shi sai ya tsaya ya huta, ya rantse shi tun yana goye yake buga gaba.

Mushe ɗan birni ne, a Yamai ya tashi, ɗan siriri mai yawan Faransanci. Ya yi lissafinsa cewa a shekara irin wannan gara a nemi masu sauran tsoka a jiki, ƙwallo a koya musu daga baya. Ya bi aji-aji yana latsa damatsan mutane kamar mai sayen rago. Duk wanda ya latsa ya ji tauri kuwa sai a tarar ɗan kokawar ƙauyensu ne, don su ne iyaye ke ɓoye wa ɗan abin da ya rage. Ya tara su, babbansu wani ɗan Korgom mai wuya kamar turmi. Da ya zo kaina ya ɗaga hannuna ya sake shi, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya wuce.

Ban ji haushi sosai ba, na saba. Babana tsohon ɗan kokawa ne, wanda har yau a yankinmu ake cewa gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a fage ba. Ni ne ɗan farinsa, kuma babu yaron da bai kayar da ni ba a garinmu, har da wata yarinya mai tallan fura da na taɓa wa ƙwarya. Bisa al'ada Baba ba ya kiran sunana, ba ya yi mini magana kai tsaye, sai dai ya ce wa wani, "A gaya wa yaron can." Ina jin tun daga batun mai furar nan al'adar ta daina yi masa wuya.

Ranar gwaji na farko na zauna a gindin bedi, wato darbejiya, ina kallo, tunda ba ni da wurin zuwa. Aka saki ƙwallo. Ɗaya daga tsofaffin ƴan wasa, wani ɗan firit, ya sa wa wani ƙato ƙafa, ƙaton ya zube. Ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya fito daga fili a natse ya zo ya zauna kusa da ni.

Mushe ya busa usur ya ce, "Kai, ina za ka?"

Ya ce, "Mushe, ai an kada ni."

"To sai me? Koma."

"In koma ina? Wanda aka kayar ba ya komawa hwage."

Kafin a jima mun zama mu shida a gindin bedi. Shi kuwa ɗan Korgom, da ɗan firit ɗin nan ya zo wucewa ta gabansa, sai ya bar ƙwallo ta tafi harkarta, ya cafe yaron, ya ɗaga shi sama, ya shimfiɗe shi a hankali kamar tabarma. Sannan ya ɗaga hannuwa yana zagaya fili yana jiran kiɗa. Mushe ya yi bayani da Faransanci, ya sake yi da Hausa, ya koma Faransanci don ya samu na zagi.

Kwana huɗu ana wannan. A ƙarshe su da kansu suka zauna suka yanke hukunci, cewa tunda ba a kama hannu ba, ba a kama wuya ba, in mutum ya faɗi a wasan ƙwallo tsautsayi ne, ba kaye ba ne, yana iya tashi ya ci gaba. Mushe ya yi hamdala. Bai san da sauran batun tsaron gida ba.

Ya sa ɗan Korgom tsaron gida, don shi kaɗai ya kusa cika tsakanin itatuwan gola biyu. In ƙwallo ta zo sama ya kama ta kamar ɗan tsako. In ta zo ƙasa ta gefe kuwa, sai ya bi ta da ido har ta shige.

Mushe ya ce, "Faɗi ka kama mana."

Ya ce, "Mushe, in kai kaina ƙasa da kaina? Ba wanda ya taɓa ni? Ai labari sai ya riga ni isa Korgom."

Aka gwada na biyu, ya ce shi dai zai iya tsugunawa. Na uku ya ce zai faɗi in kowa ya juya baya. Duk sun ji yunwa, duk suna son dawar nan, amma a kan wannan ba wanda ya motsa. A raina na ce, ga mutane ana roƙonsu abin da ni nake yi kyauta tun ina rarrafe.

Ran kasuwa ta zo, ita ce ranar rufe sunaye. Mutum goma sun tabbata, saura gola. Mushe ya tsaya tsakiyar fili, usur na lilo a wuyansa, ya ce cikin takaici, "Wai duk makarantar nan babu mai iya faɗuwa?"

Ƴan ajinmu suka tuntsire da dariya, duk suka juyo suna kallona. Ban jira an nuna ni da yatsa ba, na ɗaga hannu na nufi wurin gola. Sai da na tsaya tsakanin itatuwan na juyo, sannan na hango amalanken jaki a bakin fili. Baba ne, tela ya rako shi da bai same ni a gida ba. Ƴan kokawar nan sun gane shi, suna ta zuwa suna durƙusawa suna gaishe shi, har ɗan Korgom ya cire hula.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. A kayar da ni a gabansa, wannan ya saba gani. Amma in jefa kaina ƙasa da gangan, a gaban yaran da ke durƙusa masa, wannan sabon abu ne zan ɗora masa. Na yi niyyar in ce cikina na ciwo. Sai na tuna garwar ruwa.

Aka bugo ta farko. Na yi sufa dama, ƙwallo ta shige hagu. Ta biyu na tare ta da fuska. Ta uku ban san yadda aka yi ba, na farka na gan ta a ƙirjina, bakina cike da rairayi. Na tashi na sake tsayawa. Haka na yi ta zubewa ina tashi har na daina ƙirgawa, fili ya yi tsit, ban yarda na dubi wajen amalanke ba ko sau ɗaya.

Mushe ya busa usur. Ya ce, "Kamawa zan iya koya maka. Faɗuwar ce ta gagare ni koyarwa." Ya rubuta sunana na goma sha ɗaya. Daga baya Mayahi sun sake cin mu, amma kumandan ya ce aƙalla bana ya ga mai ƙoƙari a gida, dawa kuma ba ta yanke ba har damina.

Na je na durƙusa gefen amalanke, gwiwoyina duk sun kurje. Baba bai dube ni ba. Sai ya dubi Mushe, ya ce, "Mushe, wai don wanga abu za a ba yaron nan abinci?"

"Kullum, Baba."

"Kuma kullum haka zai riƙa hwaɗuwa?"

"Kullum."

Ya dubi filin. Sannan ya ce wa tela, "Ni shekara da shekaru ba a kai ni ƙasa ba. Ga rumbuna can, ko ɓera ya daina zuwa. A bar shi ya zauna."

Ya naɗe hannun rigarsa, ya fara kwance tsohon kambun da ke damtsensa, wanda tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya cire ba. Na san ni zai bar wa. Ya kai rabi, sai ya tsaya ya yi tunani, ya mayar ya ɗaure.

Ya ce wa tela, "A'a. Wanga na hana hwaɗuwa ne, sai ya ɓata mai aiki."

Da zai hau amalanke ya miƙo hannu, fuskarsa na kallon jaki, ya kakkaɓe rairayin da ke bayana sau biyu. Ya kaɗa jakinsa, ya tafi kudu shi kaɗai.