Turmi ta Jidda, Taɓarya ta Dammam

Shekarar da aka fara haƙa ramin jirgin ƙasa na cikin gari, bayan rasuwar maigidana da azumi biyu, turmina ya tsage. Ni kuwa da fura aka san ni a unguwar Al-Oud ta birnin Riyad. Duk leburan da ke kewar gida, a ƙofata yake shan ruwa. Na gwada injin markaɗe, furar ta fito kamar ba tawa ba. Sai na aika wa ƙanwata a Maraɗi ta sa a sassaƙa mini turmi da taɓarya na ƙirya, su iso kafin azumi.

Mutum biyu ke cin tuwo a gidana. Ɗaya Bakano, direban tirela mai ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ɗayan Badamagare, yana aiki a tashar tudu ta nan Riyad, inda jirgin ƙasa ke sauke kwantenonin da ya ɗauko daga tashar ruwa ta Dammam. Kowa ya kafe sai kayana sun bi ta tasharsa, kai ka ce ubansa ya gina ta.

"Hajiya, Jidda ce ƙofa," in ji Bakano. "Ta wajensu sai kaya ya zaga duniya."

Badamagare ya ce, "Ƙofa a wata uwa duniya? Mu teku muka jawo har bayan gidanki!"

Wanda ya ci tuwona ba na kunyata shi. Na ce turmi ya bi kwantenar Jidda, taɓarya ta bi ta Dammam. Ƙanwata ta ce a waya, "Yaya, in ɗaya ya makara, da me za ki daka?" Na ce ta zuba ido.

Turmi ya riga isowa, Bakano ya dire shi yana hura hanci. Sha'aban ya yi nisa, ba taɓarya. An ce tana wata babbar tasha ana sauya mata jirgi. Barci ya ƙaurace mini.

Ranar duban wata Badamagare ya zo da taksi: "Yalla, taso Hajiya, taɓarya ta iso!" Daga bakin ƙofar tasharsu na hango akwatunan ƙarfe jere kamar unguwa guda, ƙugiyar inji na ɗaga kowanne kamar mace ta ɗauki ƙwarya, ba ihu, ba turereniya. Cikin wannan tulin kaya, mutanen nan sun san inda sandata guda take. Na jinjina musu.

Kashegari da buɗa-baki suka sha furar da na daka suna musu, wannan ya ce turminsa ne, wancan ya ce taɓaryarsa ce. Bakano yana kwance a maƙabartar Al-Oud yanzu, ƙanwata ma ta tafi. Saura ni da Badamagare, har yau kuma bai sallama ba.