Hanyar da Tanka Ba Ta Bi

Shekararsa sittin da takwas, tsohon direban tankar mai ne, yana da mata da 'ya'ya huɗu da suka yi aure, kuma bara ya miƙa makullin motar kamfani ya dawo gida. A unguwa ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Birki ake ce masa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, domin yakan fara taka birki tun kwanar ba ta fito ba. Shi kuwa yakan ce saboda haka ne har ya tsufa bai taɓa zubar da lodi ba.

Gidansa ɗakuna uku ne da falo. A falon, jikin taga, akwai keken ɗinkin matarsa da wani faffaɗan teburin yanka da ya cinye rabin wurin. A kan teburin nan ta ɗinka wa yara kayan makaranta, a gefensa kuma ta saurari labaran mijinta duk lokacin da ya dawo daga tafiya yana warin mai. Ya ba ta labarin duwatsun da gajimare ke zama a kansu, da dajin da rana ba ta ratsa shi, da tafkin da ba a hango ƙarshensa, da teku. Ita iyakar tafiyarta garin iyayenta. Kullum labarin da magana ɗaya yake ƙarewa, cewa ranar da ya ajiye makulli zai kai ta ta gani da idonta. Ita kuma takan ciji zare ta ce Allah ya kai mu.

Ya ajiye makullin, amma maganar tafiya ba ta taso ba. Sai da ya gyara famfon da ba ya yoyo, ya sake wa ƙofar gida fenti, ya kuma samu gurbi a bencin Mai Faci, tsohon abokinsa mai gyaran taya a bakin titi, inda suke wuni suna kushe tuƙin yaran zamani.

Abin da ya tayar da maganar ya fara ne da dariya. Wata safiya matar ta leƙa ta katanga ta gaida maƙwabcinsu, har tana tambayarsa ya mai jiki, alhali rigarsa ce a shanye a kan igiya. An yi dariya a gidan har da hawaye. Autarsu ce kaɗai ba ta yi ba, ta ɗauke ta a mota sai asibiti. Likita ya ce ganinta na nesa yana ja da baya, magani zai rage masa sauri amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na kusa kuwa garau yake. Har yau tana zura zare a allura ba tare da ta nemi taimakon kowa ba.

A ranar Birki bai je benci ba. Ya ari allin da take zana yadi da shi, ya kwashe ƙyallayen da ke kan tebur, ya ce kada wanda ya taɓa masa wurin sai ya gama.

Motar tafiya ta Auta ce, wata 'yar ƙaramar mota ja da shi da kansa ya sa wa suna Akwatin Ashana. Taswira kuwa a kansa take, teburin ne kawai zai fito da ita. Ya jera ƙullin zare a matsayin garuruwa. Dutsen guga ya zama tsaunuka, tarin koren ƙyalle ya zama daji, ya cika murfin kwano da ruwa ya ce tafki ke nan, almakashi a buɗe ya zama tsohuwar gadar da ke kan babban kogi. Can ƙarshen tebur ya shimfiɗa wani shuɗin yadi da wata mata ta kawo ɗinki, ya ce teku. Inda za su kwana ya ajiye maɓallai. Sannan ya ja layin alli, yana ja yana gogewa da yatsa, yana magana shi kaɗai. Matar ta koma yanka yadi a ƙasa kan tabarma, tana cewa a tarihin telanci ba a taɓa korar tela daga teburinta saboda yawon buɗe ido ba.

Da ya gama ya tara iyali. Auta ta zo da mijinta, malamin makaranta ne mai sanyin magana, wanda Birki ya daɗe yana tsokana da cewa ba ya iya zuwa gidan wanka sai wayarsa ta faɗa masa hanya. Tsohon ya ɗauki tsinken tsintsiya ya fara bayani kamar mai raba wa direbobi aiki. Hanya ce mai kyau, ya ce, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara, ko'ina akwai gidan mai da masu faci. Wuraren kwana duka ya san masu su, kuma kowanne yana da filin juyawa.

Auta ce ta fara lura. Ta ce, "Baba, me ya sa layin ya kauce wa dutsen guga?"

Ya ce hanyar kan dutse gangararta ta yi tsanani, birki zai ɗau zafi.

"Dajin fa?"

Rassan sun yi ƙasa, kuma hanyar ba ta da faɗi.

"Almakashin?"

Gadar ba ta ɗaukar nauyi, akwai allo a bakinta. Bakin tafki ƙasar tana da laushi, taya za ta nutse. Titin da ya bi gefen teku kuwa an hana shiga. Ya faɗi duk wannan da natsuwar mutumin da ya san aikinsa. Ya ƙara da cewa babu damuwa, duk ana hango su daga babbar hanya, shi ma haka yake ganinsu.

Matar ta sunkuya kan teburin tana bin layin da yatsa. Ko'ina akwai tazarar tafin hannu tsakaninsa da abin da aka yi mata alkawari.

Ta ce, "Direba, wai tankar za mu ja a baya ne?"

Auta ta toshe baki. Malamin makaranta ya sami wani abin kallo a rufin ɗaki.

"Ka manta ni ce na gaida riga," in ji ta. "Hange ya ƙare mini, Baban Auta. In daga nesa ne, gara ka bar ni a nan ka ci gaba da ba ni labari, ka fi hanyar iyawa. In za ka kai ni, kai ni inda zan sa hannu."

Ya ajiye tsinken ya fita.

Mai Faci ya ce ya same shi a benci fuska a murtuƙe, kuma da ya ji labarin dariya ta kusa kayar da shi cikin bahon da yake gwada tiyub. Ya ce masa, "Kai fa ka sauka daga tanka, amma tankar ba ta sauka daga kanka ba." Birki ya ce ya yi masa shiru, mutumin da bai taɓa wuce tsawon igiyar injin iskarsa ba. Amma da ya koma gida ya ɗauki tef ɗin awon matarsa ya auna Akwatin Ashana, tsawo da faɗi da bisa. Ya tsaya yana kallon tef ɗin. Motar ko kan tankarsa ba ta kai ba. Duk allon da ya hana shi shiga wata hanya a rayuwarsa, ba da ita yake ba.

Nan kuma wata matsalar ta ɓullo. Bai san ko ɗaya daga cikin hanyoyin ba. Tsaunukan da ya yi shekaru yana ba da labarinsu, shuɗiyar inuwa ce a gefen madubi. Tekun kuma wani ƙyalli ne da yake hangowa tsakanin manyan tankokin ma'ajiyar mai yayin da yake layin lodi. Ya san kowane rami a babbar hanya, amma da zarar an ratse daga kwalta mai faɗi, shi da matarsa duk baƙi ne.

Sai da ya yi kwanaki yana zagaya teburin kafin ya kira surukinsa. Bai ce yana neman taimako ba. Cewa ya yi yana so ya gwada wayar nan ya ga ko tana da hankali. Malamin ya zo ya zauna a ƙasa cikin ladabi, yana buɗe hotunan hanyoyi, kuma duk abin da ya nuna sai ya ce, "Kamar yadda Baba ya sani." Tsohon ya gyaɗa kai kamar da ma ya sani.

Aikin ya ɗauke su makonni. Wayar ta san inda ƙananan hanyoyi suke, da inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, da wani ƙaramin masauki a cikin daji da wani a bakin tafki. Birki ya san abin da ba ya cikinta. Ya ce ba a hawa dutse da rana tsaka saboda zafin inji, ba a shiga daji bayan ruwan sama sai ƙasa ta sha iska, kuma ba a tafiya gabas da sassafe da mai ciwon ido a gaban mota. Wata rana, bayan sun kusa gamawa, ya tsaya yana kallon murfin kwanon, sai ya goge layin gaba ɗaya. Malamin ya kusa cewa wani abu. Tsohon ya ce tunda zagaye za su yi su dawo gida, a juya tafiyar, a fara ta inda aka yi niyyar ƙarewa. Ta haka tafkin da kwarin da ke gindin tsaunuka da tekun duk za su faɗo a tagar fasinja, ba tasa ba.

Matar tana jin su daga kan keken ɗinki. Ba ta ɗaga kai ba, sai dai ta ce in an gama da tekun a ba ta, mai yadin ta zo sau biyu.

Kafin tafiya aka yi gwaji. A ƙarshen gari akwai wata gajeriyar gadar jirgin ƙasa da Birki ya yi rayuwarsa yana zagaye ta. Bayanta akwai ɗan tudu mai duwatsu da bishiyoyi, wanda ake gani daga ƙofar gidansu amma ba su taɓa hawa ba. Auta ta zauna a baya, ita ta ba da labarin. Ta ce Baba yana buɗe kwana har ɗaya gefen titi kamar yana jan tirela, yana neman giyar da babu ita, kuma da suka shiga ƙarƙashin gadar sai da ya sunkuyar da kai.

Matar ta ce, "Ɗago, Direba, mun wuce. Hularka ma ba ta taɓa ba."

A kan tudun ya ja birkin hannu, ya fita ya nemo duwatsu ya tokare tayoyin huɗu. Ita kuwa ta tafi kai tsaye wajen wani ƙaton dutse ta ɗora tafin hannu, ta ce ashe ɗumi gare shi. Ta tsinko wani ɗan fure ta kawo daf da ido, ta ƙirga masa launuka uku da shi bai gani ba sai da ya sa tabarau. Garin da ke ƙasa ba ta gan shi ba sai hazo-hazo. Ta ce ba komai, wannan ta san shi.

Shirya kaya ma sai da aka kai ruwa rana. Ya loda sarƙar jan mota, da tamfol, da wani ƙaton jak na ɗaga mota da ya rage masa daga aiki, har bayan motar ya zauna. Matar ta tambaya ko ita a kan rufi za a ɗaure ta. Aka sauke su ɗaya bayan ɗaya, yana kare kowanne kamar lauya. A gurbinsu aka sa kujerun naɗewa guda biyu, da bargo, da butar shayi, da maganin idonta. Tamfol ɗin dai ya ƙi rabuwa da shi, ya naɗe ya cusa ƙarƙashin kujera. Mai Faci ya duba tayoyin kyauta, ya ce in sun ga tekun su gaishe shi.

A farkon makon nan suka tashi da safe. Teburin yanka an goge shi, shuɗin yadin ya koma hannun mai shi a ɗinke.

Jiya Birki ya kira Auta daga kan tsaunuka. Ana jin ƙarar ruwa a bayansa har maganarsa ba ta fita sosai. Ya ce uwarta ta cire takalmi ta shiga ruwan har gwiwa, ta jiƙa zane, ta ƙi fitowa, kuma tana cewa labarinsa na shekara da shekaru bai kai rabin abin ba. Ana jin muryarta daga can tana cewa ya daina surutu ya zo ya riƙe mata hannu, dutsen yana da santsi. Ya ce yana zuwa. Sannan ya rage murya ya ce a ba shi Malam. Ya ce ya hango wata 'yar siririyar hanya da ta sauka ta cikin bishiyoyi ta nufi tafki, akwai allo a bakinta da ya hana manyan motoci, yana so a duba masa a waya ko tana kaiwa har bakin ruwa.