Kalmar da Na Ɓoye wa Yaya Sabi'u

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in na ji sautin jita sai na tuna abin da na ɓoye masa.

Yana saurayi, yana aikin buɗe ƙofofin ruwan noman rani a Kadawa, wani injiniya baƙo ya ba shi kaset. Wasu samari huɗu ne 'yan garin injiniyan, masu waƙa da Sifaniyanci, waɗanda a lokacin ko a unguwarsu ba kowa ya san da zamansu ba. Yaya ba ya jin ko kalma ɗaya, amma kiɗan ya shiga ransa. Ya samo tsohuwar jita, ya haɗa abokai uku, suka riƙa wasa a bukukuwan Kura da Bunkure. Wallahi sun iya, ba don yayana ba ne na faɗa.

A waƙar da ya fi so akwai kalmar da suke ta maimaitawa, kunnensa na Bahaushe ya ji ta "manyana". Ya ce ai iyayensu suke yi wa waƙa. Ni da shegen bin diddigi na tambayi injiniyan, ya yi dariya, ya ce da harshensu "gobe" ke nan, waƙar mutumin da zai bar garinsu ce. Ban gaya wa Yaya ba.

Da wani mai ɗaukar waƙa a Legas ya aiko Yaya da abokansa su zo, Baba ya ce shinkafa ta kusa yanka, in Sabi'u ya tafi to ni zan bar makaranta in kama gona. Yaya ya same ni a bakin hanyar ruwa, ya ce, "Ƙanena, ka ga samarin kaset ɗin nan ma, duk gwanintarsu manyansu suke sa wa gaba. Ko ba haka suke faɗa ba?"

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Bai tafi ba. Ni na gama karatuna, shi ya yi shekara ashirin cikin taɓo da feshin magani har ciwon ƙirji ya kayar da shi.

Samarin kaset ɗin nan yanzu sun yi furfura, suna cika filin ƙwallo maƙil a ƙasashen da ban san sunansu ba. Da Yaya zai gan su a waya yau, murna zai taya su. Ba shi da hassada ko ƙwayar zarra, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Muryarsa ba ta kan kaset ko ɗaya. Abin da ya bari shi ne gonar, da takardar shaidar karatuna, da 'yarsa Bilkisu, wadda yanzu malamar asibiti ce. Ranar sallar da ta wuce ta sa waya ta fassara mata waƙar, ta ce, "Baffa, ashe gobe suke cewa. Da ma a ce akwai wanda ya sani ya gaya wa Abba."

Ranar sai na kawar da zancen. Na san tana karanta jaridar nan. Bilkisu, akwai wanda ya sani. Ni ne.