Akushin da na kulle a gilashi

Shekarun baya, tun Khartum tana zaune lafiya, ƙanena ya gama karatu a tsibirin Kubrus, aka ce ni zan je bikin a madadin gida. Ni da iyakar tafiyata daga unguwarmu Hajj Yusuf zuwa Omdurman a bas, sai ga ni a jirgin sama, na ƙanƙame kujera ina ta salati.

Bayan biki ya ce sai ya zaga da ni. Ya kai ni wani tsohon gidan yaƙi na dutse a bakin ruwa, a ciki an ajiye ragowar wani jirgin katako da aka tsamo daga ƙasan teku, har da tulunan da yake ɗauke da su. Daga nan muka hau dutse zuwa wani ƙauye mai matsattsun lunguna, tsofaffi na zaune a inuwa suna shan gahawa kamar duniya ba ta da aiki. A ƙauyen muka shiga wani gida da aka mayar gidan tarihi. Na ɗauka zan ga takubba da zinariya, sai na ga dutsen niƙa, da masaƙa, da wani kwanon katako da ya tsage aka ɗaure shi da waya. An sa shi a gilashi, an haska masa fitila, Turawa na tsaye suna kallo cikin natsuwa.

Na taɓa ƙanena na ce, "Ya zol, mutumina, ai na gidanmu ya fi wannan."

Akushi ne nake nufi. Kakar mahaifiyata ce ta fito da shi daga ƙasar Kano, lokacin da suka taso a ƙafa za su hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, suka zauna. Baƙi ne wuluk, gefe guda a ɗinke. Kowace Juma'a bayan masallaci a ciki ake kwasa mana tuwo da miyar kuka, mu zagaye shi. Yara na jan sa a ƙasa, na taɓa ganin akuya ta zura kai ciki. A tsaye a wurin nan tsoro ya kama ni, na ga saura ƙiris mu fasa tarihinmu da hannunmu.

Ina dawowa na nufi kasuwar Omdurman, na sayo dolab, wato kabad, na gilashi mai makulli. Na goge akushi da mai, na ɗora shi a tsakiya, na jera masa ƴan tsarabar Kubrus a gefe, na kulle, na jefa makulli a aljihu. Sannan na tara gida na yi musu bayani kan darajar kayan da, kamar ni na haƙo jirgin nan.

Mahaifiyata ta saurara har na gama. Ta ce, "To a mathaf ɗin, gidan tarihin naka, su wa ke ci a ciki?"

Na ce, "Inna, ba a ci. Kallo ake yi."

Juma'a ta zo, aka kawo tuwo a farantin silba. Ta yi loma biyu ta wanke hannu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga dolab, ta ce, "Laifin me akushi ya yi aka ɗaure shi?" Aka yi ta dariya, ni kuwa ina ganin jahilci ne ke damun su.

Juma'a ta gaba ma haka. Muna tashi daga faranti mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Kwanon da ka gano can, ina masu shi?"

Na ce sun mutu tuntuni.

Ta ce, "To ni ina nan. Kuma ka lura yau wa ya yi wa habbobata, kakar tawa, Fatiha?"

Sai a lokacin na tuna. A gidanmu, duk wanda ya tsame hannu daga akushin nan sai ya yi wa wadda ta ɗauko shi addu'a. Ba wanda ya taɓa koya mana da baki, ganinsa ne ke tuna mana. Tun da na kulle shi, har ni, ci kawai muke yi mu tashi. Kunya ta rufe ni, na miƙa mata makulli.

Ta ce, "Khalas, shi ke nan. In na mutu ka sa mu a gilashin tare, ka haska mana fitila."

Har yau ina son gidajen tarihi, kuma duk mai zuwa Kubrus ina ce masa kada ya tsallake ƙauyen nan. Amma ranar da yaƙi ya tashe mu daga Hajj Yusuf, ba wanda ya waiwayi dolab. Can muka bar shi da tsarabata a ciki. Akushi kuwa yana madafa, mahaifiyata ta cika shi da dabino ta ɗora a cinya a cikin mota. A garin da muke yanzu, jiya ma a ciki muka ci, muka yi Fatiha.